Addu'ar Dija a Bakin 'Yan Fim

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda na koyi ɗinki, na rubuta yadda na sami filin gidan nan, har rigimar da muka yi da kawunku a kan katanga na rubuta, duk don kada in iso nan. Abin da ya tilasta ni shi ne ranar sunan ɗan 'yata Rabi. Na shigo tsakar gida na tarar da jikokina sun haɗa kai a kan waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Ban ga hoton ba, muryar kawai na ji, nan take kuwa na gane ta. Guntun wani tsohon shiri ne aka yanko aka sake watsawa, na wata Bafulatana da ke addu'a tana kuka a kan maraƙinta. Ƙaramarsu ta ɗago kai ta hango ni.

"Tsoho, zo ka ga wannan matar, wallahi sai cikinka ya ƙulle."

Na ce mata ana jirana a waje. Na fita, ban kuma ci abincin sunan nan ba.

Ku manya, Hadiza da Usman, kun san shirin, kun kuma san da hannuna a ciki. Abin da na gaya muku a lokacin shi ne karin harshen mahaifiyarku kawai na koya wa 'yar wasan, maganar maraƙi kuwa 'yan fim ne suka ƙara da kansu. Kun yarda, kun yi ta Allah ya isa, Usman har cewa ya yi zai kai su ƙara. To, ƙarya na yi muku, ga kuma yadda abin ya kasance.

Kun san shagona na hanyar kasuwar hatsi. Tun da na kafa satalayit na ɗora talabijin a saman kanta, shagon ya zama majalisa. Ƙafata na kan keke, idona na kan allura, amma kunnena na kan talabijin, bakina kuwa ba ya hutawa. Ba fim ɗin da zai wuce ban yanke masa hukunci ba. In aka sa ɗan Kano ya fito a Basakkwace, kafin ya rufe baki na ce wannan ko Gusau bai taɓa zuwa ba. In mutumin Nijar za a nuna, sai ka ga an naɗa wa yaro rawani har hanci, ya ce "tahi" sau biyu, ya jefa kalmar Faransanci guda, shi ke nan wai ya zama ɗan Damagaram. Mu da muke cin kasuwa da mutanen nan kowane mako a Maigatari, mu za a yi wa wannan? Fina-finan Indiya da ake fassarawa na ce mutum ɗaya ne ke yin muryar jarumin da ta uwarsa da ta dokinsa. Ƙauyawan fim ƙafarsu nake kallo, ba kaushi ba faso. Masu kuɗin fim kuwa na rasa sana'arsu, kullum dai suna saukowa daga bene da makullin mota a hannu. Ba a faɗa kawai nake tsayawa ba, kwaikwayo nake yi, na kuma iya. Sai in ajiye almakashi in yi muryar mutum tsaf, jama'a su yi ta faɗuwa a kan benci. Wasu ba ɗinki ke kawo su ba, ni suke zuwa kallo, ni ma na sani, kuma daɗi nake ji.

Mutum ɗaya ne ba ya ba ni dariyarsa duka, maƙwabcinmu Malam Bitrus. Kun san shi, mutumin Filato, ma'aikacin ƙaramar hukuma, kusan shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu. Shi ma ban bar tasa Hausar ba, a gabansa nake yi. Sai ya girgiza kai.

"Malam Sale, da kai aka ba alƙalanci, da duk ƙasar nan ba wanda zai kwana a gidansa."

"Ai gaskiya nake faɗa, Bitrus. Wanda bai iya ba a gaya masa bai iya ba."

"To, Allah ya ba mu iyawa," in ji shi, ya ci gaba da karatun jaridarsa.

Yanzu bari in gaya wa jikokina wace ce Dija, tunda su tsohuwa mai shiru kawai suka tarar. Daga rugarsu ta yamma da Sule Tankarkar na auro ta, kuma ban taɓa ganin mace mai magana irinta ba. Da kaji take hira. Tukunya in ta ƙi tafasa faɗa take sha. In tana shara tana ba da labari, ko da mai ji ko babu. Hausa ta iya ta sarai, amma da zubin Fulatanci take fitowa, da wani ɗagawa da take yi a ƙarshen zance kamar tana tambaya. Ba zan rubuta maganarta yadda take furta ta ba. Na yi hakan sau ɗaya, ya ishe ni har kabari. In ana kallo a falo, ita ba ruwanta da wanda ya iya karin wane gari. Shiga fim ɗin take yi gaba ɗaya. Sai ka ji ta daga soro: "Kada ki sha, an zuba magani! Ke wace irin yarinya ce ba kya jin magana?" Idonta kuma ya fi nawa. Wata rana aka nuna wata mai tallar nono a cikin garke, Dija ta taɓe baki ta ce shanun nan ba su san yarinyar ba, a dubi yadda suke ja da baya. Washegari na kai maganar shago na faɗa a matsayin tawa, aka yi ta yaba kaifin idona.

Akwai abu guda da ba a falo take yin sa ba. Kowace safiya bayan sallar asuba takan zauna a kan buzunta a gindin tagar ɗakinmu, ta yi addu'a a fili, rabi Fulatanci rabi Hausa. Ni kuma na dawo daga masallaci ina kishingiɗe a ciki, ina ji. Takan bi ku ɗaya bayan ɗaya da suna, ta gaya wa Allah matsalar kowa dalla-dalla, wannan tari, wancan jarrabawa, waccan taurin kai. Daga ƙarshe sai ta sauke murya ta ce, "Da Giɗaɗo." A nan muryar takan karye, ta yi ɗan shiru, sannan ta shafa. Giɗaɗo yayanku ne, ɗanmu na fari, sunan mahaifinta muka sa masa. Saboda kunyar ɗan fari da ta sunan uba, tsawon shekara uku da ya yi a duniya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ƙyanda ce ta ɗauke shi da damina. Malam Bitrus, lokacin yana sabon zuwa Gumel, shi ya goya ni a babur ɗinsa zuwa asibiti ina rungume da yaron, shi ya kuma dawo da mu. Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Sai bayan an share makoki na fara jin sunan a bakinta, a gindin tagar nan. Duk duniya nan ne kaɗai wurin da take faɗarsa.

Shekarar da nake nufi ita ce shekarar da aka aurar da Hadiza. Bayan kaka wasu 'yan fim suka zo ɗaukar wani shiri mai dogon zango a kasuwar dabbobi ta Maigatari, suka sauka a Gumel. Aka kwatanta musu shagona don in ɗinka musu kayan Fulani. Daraktan, wani matashi mai fara'a, ya shigo da yarinyar da za ta fito a tsohuwar Bafulatana da wasu mutum biyu. Aka yi dace, ko in ce rashin dace, a daidai lokacin ana nuna wani shiri da wata ke kwaikwayon Fulani. Ina gwada tsawon hannun riga na ce wannan ba Fulatanci ba ne, mura ce. Daraktan ya yi dariya ya juyo.

"Baba, ka san harshensu ne?"

"Shekara talatin ina kwana ina tashi da shi. A gidana yake."

"To, ɗan yi mana mu ji."

Ban yi jinkirin ko numfashi ɗaya ba. Na yi musu Dija tana cinikin tumatir. Na yi musu Dija tana korar akuya daga madafa. Yarinyar nan ta durƙusa tana riƙe ciki, daraktan yana share hawaye. Ya ce in na yarda in koya mata kwana uku, za a rubuta sunana a ƙarshen shirin, mai ba da shawara kan harshe. Ku ji da kyau, ba kuɗi ne suka ja ni ba, ko maganarsu ba mu yi ba. Sunan nan ne. Na hango shi yana hawa a fuskar talabijin, mutanen majalisa suna nunawa da yatsa, na ce ai dama lokaci ya yi da za a san masu abin. Da na koma gida na ce wa Dija an ɗauke ni in gyara wa 'yan fim harshe. Ta ce madalla, gara a gyara musu, su daina kunyata mutane. Ban gaya mata da harshen wa zan yi gyaran ba.

Kwana biyu na farko shago ya cika har bakin titi. Yarinyar tana ajiye wayarta a kan keke tana ɗauka, ina faɗa tana maimaitawa, ina cewa a'a, ɗaga nan, ja can. Ta iya aikinta, ba zan zalunce ta ba, kuma tana da ladabi. Rana ta uku 'yan majalisa duk suka tafi ɗaurin aure Gagarawa, ya rage daga ni sai baƙin. Ni kuma kayana sun ƙare, na yi ciniki, na yi faɗa, na yi gaisuwa, na yi dariyarta. Sai na ga daraktan ya fara duba waya yana hamma. Yarinyar ta ce:

"Baba, ba wani abu kuma? In ita kaɗai ce, ba kowa, me take yi?"

Na sha tambayar kaina ko akwai abin da ya taɓa ni a zuciya a lokacin, ya ce kada ka yi. Akwai. Na ji shi sarai, na bi ta kansa na wuce. Na jawo wani ragowar yadi na shimfiɗa a ƙasa, na yafa wani a ka, na zauna yadda take zama, na ɗaga hannu. Fulatancin ban iya ba, sai na yi ta gunguni mai kama da shi, ina sako Hausar. Na bi sunayenku ɗaya bayan ɗaya, da tarin, da jarrabawar, da taurin kan. Suna ta dariya, ni kuma ina ƙara ƙaimi. Bakina ya saba da hanyar, shekara da shekaru yana jinta, bai tsaya inda ya kamata ya tsaya ba. Na sauke murya na ce, "Da Giɗaɗo." Har karyewar na yi, har ɗan shirun. Ban taɓa yin kwaikwayon da ya fita daidai kamar wannan ba.

Yarinyar ta matso.

"Kai, Baba, wannan wurin ya yi. Waye Giɗaɗo?"

Na ɗago kai, sai ga Malam Bitrus tsaye a bakin ƙofa. Ya zo karɓar kayan mawaƙan cocinsu da nake ɗinkawa, ban san tun yaushe yake wurin ba. Ga ni zaune a ƙasa da yadi a ka, tsofai-tsofai da ni. In na ce ɗana ne da ya rasu, dariyar nan ta mutu ke nan, kuma baƙin nan za su kalle ni da idon da na cancanta. Abin da na guda ke nan, kallon mutum huɗu da ban san su ba, waɗanda jibi za su bar garin. Sai na yi murmushi.

"Wani ɗan maraƙinta ne da ya mutu. Kun san Fulani da shanu."

Suka fashe. Daraktan ya buga cinya ya ce wannan dole ya shiga. Malam Bitrus ya juya ya tafi, kayan ma bai karɓa ba. Da yamma ya tare ni a ƙofar gida, bai ko yi mini sallama ba, shi da bai taɓa wuce ni ba gaisuwa.

"Malam Sale, kira mutanen nan ka ce su goge."

"Haba Bitrus, wasa ne. Ba za su sa ba."

"Ni na ɗauko yaron nan da kai. Kira su."

Lambar daraktan tana cikin wayata. Wata biyar aka yi kafin a fara nuna shirin, kuma ba ranar da ban tuna ba. Sau biyu ina danna lambar ina kashewa kafin ta shiga, don in na ce a cire sai an tambaye ni dalili. Na riƙa lallashin kaina cewa 'yan fim suna ɗaukar abu da yawa su zubar. A gefe guda kuma ina bin gari ina sanar da mutane ranar da sunana zai fito.

Ranar da aka sa kashin shirin da tsohuwar ta fara fitowa a cikinsa, bayan la'asar ne. Dija da kanta ta gayyato matan unguwa, ta dama fura a babbar ƙwarya, wai mijinta zai fito a talabijin. Maman Ladi, matar Malam Bitrus, tana zaune kusa da ita. Na rufe shago na zo na tsaya a ƙofar falo. Da yarinyar ta fito tana cinikin tumatir, falon ya kaure. Dija ta fi kowa dariya.

"Wannan yarinya ta iya! Wa ya koya mata?"

Matan suka nuna ni. Ta kalle ni, ta gane, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya tana cewa, "Kai, wannan mutum, Allah ya shirye ka." Ba ta ji haushi ba, har wani daɗi na gani a fuskarta. Na ce a raina shi ke nan, na tsira. Sai aka nuna asuba a ruga, tsohuwar ta shimfiɗa buzu ta ɗaga hannu. Sun canja sunayenku, amma sun bar na ƙarshen, don ya yi musu daɗin faɗa. Yarinyar ta sauke murya, ta karya ta daidai inda na koya mata. Wani ya leƙo ta kan zana ya ce, "Goggo, waye Giɗaɗo?" Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Maraƙina!" Aka sako wani kiɗan ban dariya. Amaren unguwa da ba su san komai ba suka kwashe da dariya. Tsofaffin ba wadda ta motsa. Maman Ladi ta miƙe ta kashe talabijin ɗin. Dija ta ɗan zauna tana kallon baƙin gilashin, sannan ta tashi ta tambaya ko akwai mai ƙarin fura. Ta tattara ludayai ta ɗauki ƙwaryarta, ta raɓa ta gefena ta wuce madafa. An ce sunana ya fito a ƙarshe. Ni dai ban taɓa ganinsa ba.

Washegari na dawo daga masallaci na kishingiɗa, ban ji komai ba. Na leƙa ta taga. Tana nan a kan buzunta, hannu a sama, leɓenta na motsi, amma ba sauti. Haka jibi, haka gata. Ta ci gaba da kawo mini abinci, ta amsa gaisuwa, ba ta ɗaga zancen ba. A rana ta huɗu na kasa, na same ta tana tsince wake na tsuguna. Na ce mata na yi kuskure da na kai addu'arta waje, amma maganar maraƙi ba tawa ba ce, 'yan fim ne, ba su da mutunci, ba su san darajar mutane ba. Na yi ta zuba. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Na san kana ji ai," ta ce. "Tun ranar farko na san kana ji ta tagar nan."

Ta cire wata tsakuwa daga cikin waken ta jefar, sannan ta ƙara da cewa:

"Na zaci amin kake cewa."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Na so ƙasa ta tsage in shige. A nan ya kamata in faɗi sauran, tunda na riga na zube, amma ban faɗa ba. Na ga in ta tsane ni a kan rabi, to ina ga ta ji duka. Na tashi na tafi shago da ƙaryata a cikin aljihu, ita na kuma maimaita muku da kuka zo kuna huci.

Gumel ba ta da girman da abu zai ɓuya. Kowa ya gane wa aka kwaikwaya, guntun wurin kuma ya shiga wayoyi. A gidan biki wata ta ce mata, "Goggo, ya maraƙi?" da nufin wasa. Masu kayan miya suka riƙa jan ta da ciniki don kawai su ji ta yi magana, in ta buɗe baki su kalli juna. Sai ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa biki sai na dole, in ta je ma ta sami lungu ta zauna. A gida zancenta ya koma "to" da "a'a" da "an gode". Kaji suka huta, tukunya ta huta. Falo kuwa ko ana kallo ba ta shiga. Da damina ta faɗi ta ce za ta je ganin gida, ta tafi ruga, sai da aka yi girbi ta dawo. A tsakanin nan yayanta Bello ya zo shago. Na yi zaton faɗa ya kawo shi, na ma fi son ya yi faɗan. Ya zauna a benci ya jingine sandarsa, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon talabijin.

"Sale, mu gidanmu ba mu da magana," ya ce. "Ita kaɗai Allah ya ba, muka ɗauka muka ba ka."

Ya yi sallama ya tafi ya hau babur ɗin haya.

Na so in ce muku daga ranar na sauke talabijin na kama bakina. Ban yi ba. Wata biyu na yi ina ɗinki shiru, daga nan 'yan majalisa suka fara tsokana, wai an yi wa malamin harshe kurciya a baki. Wata rana aka sa wani yaro ya fito a Bayarabe, na ji abin ya tsaya mini a wuya, na faɗa, aka yi dariya, shi ke nan na koma ruwa. Abin da kawai ban ƙara yi ba shi ne muryar Fulani. Malam Bitrus bai sake zama a bencina ba. Muna gaisawa, ana aiko mana da abincin Kirsimeti, muna aika musu naman layya, amma bai tona ni ba, ko ga matarsa ban ji alamar ya faɗa ba. Ranar da ya yi ritaya za su koma Filato, an gama loda kaya a mota, ya ja ni gefe ya riƙe hannuna.

"Ka gaya mata?"

"Ina dai neman lokaci."

"Shekara shida, Malam Sale."

Ya sake ni ya shiga mota.

Da likita ya ce tana da hawan jini, kuka ce shi ne ya sa ta yi sanyi, na bar ku a haka don ya yi mini daidai. Kowane azumi nakan ce ta yafe mini, ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma na san da gaske take. Amma abin da na gaya mata shi ta yafe. Ɗayan yana nan, ba a taɓa shi ba.

Ciwonta na ƙarshe kun gan shi, sai dai ba ku nan ranar da zan faɗa, kun tafi neman wani magani Kano. Tun da jinin ya buge ta karo na biyu Hausa ta fita daga bakinta. In an yi mata magana da ita sai ta yi ta kallon mutum, ba alamar ta fahimta. Fulatanci kawai ya rage, shi ya sa muka ɗauko ƙanwarta Hajjo daga ruga ta zo jinya. Da hantsi ne, ina zaune a bakin gado da kofin ruwa a hannu, sai Dija ta buɗe baki ta fara magana. Ba irin "to" da "a'a" ɗin nan ba. Tsohuwar muryar ce ta dawo gaba ɗayanta, da ɗagawar nan ta ƙarshen zance, har da 'yar dariya a tsakani. Shekara tara rabona da jin ta. Fuskarta tana wajena, ta yi ta zuba, ni kuwa da na gaya wa duniya ina kwana ina tashi da harshen nan, ban tsinci komai ba sai suna guda, wanda ta faɗa sau uku, ba tare da muryar ta karye ba. Na juya wajen Hajjo.

"Me take gaya mini?"

Hajjo ta sunkuyar da kai.

"Ba da kai take ba, Malam."

Na ajiye kofin. Na ce wa Hajjo akwai maganar da nake so ta juya mini, kalma da kalma. Na gaya mata duka, yadin da na yafa, tambayar yarinyar, da amsar da na ba ta. Ita ce mutum ta farko da ta ji daga bakina. Ta saurara har ƙarshe, hawaye na bin fuskarta, sannan ta gyara wa yayarta mayafi.

"Wannan ba zan ɗauka in kai mata ba," ta ce. "Kai da ka iya muryarta, gaya mata da kanka."

Na matsa kusa da kunnenta na faɗa da Hausa, sau biyu. Ta kalle ni kamar yadda take kallon ma'aikatan asibiti, ta juya ta ci gaba da hirarta. Bayan kwana uku Allah ya karɓi abarsa. Ita ba ta ji ba. Ku kun ji.